Wata Guda a Kan Farantin Uwata

Ni da kuke gani, rijiya ta taɓa ruftawa da ni. Ƙasa ta binne ni har wuya, aka yini ana tono, da aka zaro ni ban tambayi komai ba sai hulata. Maciji ya sare ni a ƙasan rami, shi ya mutu, ni na tashi. Shekarar da aka yi yunwa, wadda yaran yanzu ba su san ta ba, na haƙa rijiya har na cim ma ruwa, ba komai a cikina sai ruwan zafi. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba unguwar da za ku zaga a garin nan ba ku tarar ana shan ruwan hannuna ba. Na faɗi wannan ne don ku san ba rago ne zai ba ku labarin nan ba.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, saboda haka Uwata nake kiranta. Ita ce shugabar kicin a wata masana'antar takalma, ita ke ciyar da ma'aikata. Allah ya yi ta da jiki tun tana yarinya, da ta fara haihuwa kuma jikin ya ƙi tsayawa. Ba abin da ba ta gwada ba. Ta bar sukari, ta bar mai, ta bar shinkafa, ta sha wani koren shayi mai ɗacin tsiya, ta yi ta zagayen filin ƙwallo har takalminta ya cinye. Sai ta ɗan faɗa, mu yi murna, kafin a juya jikin ya dawo da 'yan rakiya. Daga baya gwiwoyi suka fara kuka, ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo sawunsa.

Ran nan suka zo gaishe ni ita da mijinta, wanda muke kira Direba. Tun daga yadda yake murza makullin mota a hannu na san da magana.

"Baba, likita ta kawo shawara," in ji Uwata. "Akwai aikin da ake yi, a rage wa mutum tumbi, ya zama abu kaɗan ke ƙosar da shi."

"A rage me?"

"Tumbi, Baba."

"Ke saniya ce?"

Direba ya fara dariya, na kalle shi, ya haɗiye abarsa.

Na ce, "Uwata, mutum da ƙafarsa ya kai kansa a yanka? Ni sai da ƙasa ta karya mini haƙarƙari aka kai ni asibiti, shi ma a kan ƙyaure. Wannan hanyar ragwaye ce. Bakinki za ki kama, ba wuƙa za ki nema ba."

"Na kama, Baba. Shekara da shekaru."

"Kin kama a gaban mutane. Wa ya san abin da ake yi a bayan tukunya?"

Na ga maganar ta soke ta, amma ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Maigidana ya yarda. Amma ba zan hau gadon nan ba sai ka ce je ki. In ba ka ce ba na haƙura, gwiwa da suga su yi yadda suka ga dama." Ta dafa bango ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara har na ji daga inda nake.

Na ce, "Tsaya. Ba ni wata guda. Zan tare a gidanku, in bi ki wurin aiki, in dawo tare da ke. Abin da kika ci shi zan ci, loma da loma. In nuna miki yadda ake zama da yunwa. In wata ya cika, sai mu sake magana."

"Baba, za ka iya kuwa?"

"Ni? Ni da yunwa ai tare muka yi ƙuruciya."

Ni ban yarda da sikelinta ba. Ba na karanta lamba, kuma abin da ke aiki da batir ba ya jin kunyar ƙarya. Sai na yanko igiya biyu irin wadda nake auna zurfin rami da ita. Na zagaya ƙuguna da ɗaya na ƙulla, ita ma ta shiga ɗaki ta zagaya nata ta ƙulla. Na rataye su a ƙusa a bayan ƙofa. Makullin kicin ɗin gidan kuwa, tun daga ranar a aljihuna yake kwana.

Kicin ɗin masana'antar nan sai wanda ya gani. Tukwane ne da mutum zai shiga ya yi wanka, tururi ya cika ko'ina, ƙasa kullum a jiƙe. Aka ba ni benci kusa da ƙofa, aka ajiye mini buhun albasa da wuƙa, wai kada in zauna a banza. Daga nan nake ganin kowa. Uwata tana tsaye tun safe, ludayi a hannu, tana ba da umarni. In gwiwa ta matsa mata, sai ta ɗan jingina da wata doguwar kujera, ba ta zama. Mataimakiyarta kuwa, wadda suke kira Doguwa, siririya ce kamar muciya, ci kuma kamar gara. Duk abin da ya wuce ta gabanta sai ta karɓi kuɗin fito.

Da rana ta yi, Uwata ta kawo mana namu a faranti irin wanda ake ɗora kofin shayi. Dafaffen ƙwai guda, ganye ba ko ɗigon mai, yankan kifi kamar yatsu biyu, da wake cikin cokali.

Na ce, "Wannan ɗanɗano ne, ko abincin yana hanya?"

"Shi ke nan, Baba, sai yamma."

Doguwa ta leƙo da cinyar kaza a hannu. "Baba Rijiya, in ka ƙara mako a kan ganyen nan, sai mun nemo maka turke."

Na ce, "Ke da kike ci ba a ganin inda yake zuwa, a duba ki, ƙila a huje kike."

Kicin ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, don a ranar farko ne.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ɗanɗanon gishiri. Mai dafa wa jama'a dole ta ɗanɗana. Sai in ga Uwata ta ɗebi miya a bakin cokali, ta sa a harshe, ta ce a ƙara abu kaza, sannan ta juya ta tofar a wurin wanke-wanke, ta kuskure baki. Kowace tukunya haka. Na sa mata ido kamar mai gadin banki, ina jiran ranar da za ta haɗiye. Ban gani ba.

To, bari in gaya muku abin da ban sani ba sai da na tsufa. Yunwa iri biyu ce. Wadda na sani, babu ce. Ba ka ga abinci ba balle ya kira sunanka, sai ka ɗaure ciki ka kama aikinka. Wannan kuwa abinci yana gabanka, yana tafasa, ƙamshinsa yana shiga rigarka ya bi ka gida. Da hannunka kake zuba wa ƙarti, kana kallo suna lashe faranti suna neman ƙari. Ban taɓa gamuwa da irinta ba.

Wata rana aka fito da burodi da zafinsa, aka ajiye tiren a ƙarshen bencina. Wallahi ban aiki hannuna ba, da kansa ya kama hanya. Kafin ya isa sai na ji an sa mini kofi a cikinsa. Uwata ce. Ko kallon burodin ba ta yi ba.

"Sha wannan tukuna, Baba, a hankali," ta ce ƙasa-ƙasa don kada Doguwa ta ji. "Kamar hadari take zuwa. In ka jira, za ta wuce. Kuma in za ka ci naka, ka riƙa ajiye cokali tsakanin loma da loma. Ka fara da ganyen, ka bar ƙwan ƙarshe, ka samu abin da kake jira."

"A ina kika koyi wannan?"

"Sana'ata ce ta biyu, Baba."

Ban ci burodin nan ba, a shaida. Har watan ya cika ban saɓa ko da ƙwayar gyaɗa ba. Amma da dabarunta na kai, ba da nawa ba. Ni da na zo koyarwa, sai ga ni ina tambaya: Uwata, in ciki ya yi ƙugi da la'asar me ake yi? Uwata, in kai ya sara fa? Tana da amsar kowanne, kamar yadda na san kowace irin ƙasa da launinta.

Kafin wata ya ƙare, wandona ya fara neman ƙasa. In na miƙe da sauri sai bango ya juya. Direba ya ce in haƙura haka, na ce ya kula da sitiyarinsa.

Ranar da muka cika, na ciro igiyoyin. Na zagaya tawa, sai ga ƙullin ya wuce inda yake da tafin hannu guda har da ɗoriya. Na ce yawwa. Uwata ta karɓi tata ta shiga ɗaki. Da ta fito, ta riƙe wurin da igiyar ta haɗu da ɗan yatsa, ta miƙo mini. Tsakaninsa da tsohon ƙullin bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Na juya igiyar, na ja ta, na duba ko ta saki. Igiyata ce, ni na yanke ta, ba ta saki ba. Faranti ɗaya muka ci. Ita ce ma a tsaye, ni ina zaune ina ɓare albasa.

"Haka yake yi," in ji ta, ba kuka ba fushi. "In na ci gaba zai ɗan ƙara, sai ya tsaya. In na gaji, ya dawo."

Na zauna da igiyar a hannu. Ni na san ƙasa ba ɗaya ba ce. Wani wuri kana fara haƙa ruwa zai taryo ka. Wani wuri kuwa dutse ne a shimfiɗe, ko ka shekara kana sara, diga ce za ta ƙare. Wanda ya kira mai fasa dutse a irin wannan wuri ba rago ba ne. Ban dai taɓa kawowa a raina cewa jikin mutum ma haka yake ba.

Na ce, "Kai ni in ga mai wuƙar."

Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, in ta zauna kujera ta kusa haɗiye ta. Ta zana mana tumbin a takarda, ta nuna inda za a rage. Ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta ce aiki ne babba, ana iya zubar da jini, ana iya samun matsala bayan an gama. Ta ce har ƙarshen rayuwa Uwata kaɗan-kaɗan za ta riƙa ci, da ƙwayoyin ƙarin kuzari kullum, da dawowa ana dubawa.

"Ba gajeriyar hanya ba ce, Baba," in ji ta. "Kamewar da take yi ba za ta daina ba. Bambancin, wannan karon jikinta zai taya ta."

Na ce, "'Yata, ni mahaƙin rijiya ne. In kin sauka kina aiki, wa ke riƙe da igiya a sama?"

Ta gane. Ta ce akwai likitan da ke sa barci, shi ba ruwansa da wuƙa, yana tsaye a kanta yana lura da numfashi da bugun zuciya har ta farka.

"Kin taɓa rasa wani?"

Ta cire tabarau ta goge. "Na taɓa, Baba. Ba kasafai ba ne, amma na taɓa."

A nan ta shiga raina. Mahaƙin da ya ce rami bai taɓa rufta masa ba, ko sabo ne ko maƙaryaci.

Muka fito muka zauna a bencin baranda, cikin masu jiran layi. Uwata ta yi tagumi, tana kallon ƙafafunta da suka kumbura a cikin silifa.

"Baba, ni na kawo maganar nan, amma tsoro nake ji."

Na ce, "Madalla. Wanda ba ya jin tsoro ban taɓa saukar da shi rami ba, shi ne ke mantawa ya duba bango."

Ta ɗan murmusa.

"Saurara, Uwata. Ni wata guda na yi, ga ƙafata tana rawa. Ke shekaru kika yi, a tsaye, a kan tukunya, kina tofar da abin da kika dafa. A cikin duk mazan da na yi aiki da su ban ga wanda zai iya ba. In kin shiga, da albarkata. In kin fasa, da albarkata. Duk kuma wanda ya ce bakinki ne ba ki kama ba, ki turo mini shi, ko wane ne ubansa. Je ki."

Ta daɗe a zaune. Na bar mata zaɓi, jikinta ne, ita za a yanka. Can ta dafa kafaɗata za ta miƙe, sai ta tsaya.

"Kai, Baba! Duk ka zama ƙashi."

"Ƙashin ma ya fi na wasu. Dafa da kyau."

Ta dafa, ta miƙe, ta gyara mayafinta. Ta taka a hankali har ƙofar likitar, ta ƙwanƙwasa, na ji tana cewa a ba ta rana.

Wani mutum a gefena, ƙafarsa a naɗe da bandeji, ya ce, "Tsoho, 'yarka ce?"

Na ce, "Tawa ce. Matso kusa in ba ka labarinta, layin nan da saura."