Gurbi na Goma Sha Huɗu

Allah Maɗaukakin Sarki Yana raba baiwa ga bayinSa yadda Ya so, ba tare da Ya shawarci kowa ba. Wani a ba shi kaɗan ya riƙe da hannu biyu, wani a kwarara masa ya yi ta zubarwa a hanya. Mzee Mwinyikondo (Mzee na nufin dattijo da Swahili) ya shekara arba'in a bakin filayen kurket, wasan jifan ƙwallo da bugun ta da sanda, na Dar es Salaam, da fari yana bugawa, daga baya yana koyarwa, yanzu kuma yana cikin dattawa uku masu zaɓen 'yan wasan ƙasa. A duk tsawon shekarun nan bai ga wanda aka kwarara wa baiwa kamar Jecha ba, bai kuma ga wanda ya wulaƙanta ta kamarsa ba.

Mutum goma sha huɗu ne za su tafi Kigali gasar neman gurbi. An rubuta goma sha uku ba gardama. Na ƙarshen ne ya tsaya tsakanin Jecha da Kibwana. Ɗaya daga dattawan ukun, wanda ke Tanga, ya bugo waya ya ce Kibwana. Na biyunsu, Bwana Kanji, mai shagon tayoyi, wanda shi ke saya wa yaran takalma da safar hannu, ya ce Jecha ko a fasa tafiyar. Magana ta rage a bakin Mzee.

Suna zaune a rumfar kulob bayan sallar La'asar, mai gahawa ya tsiyaya musu a 'yan ƙananan kofuna, sai Bwana Kanji ya sake ɗauko zancen da ya shekara yana yi.

"Maki ɗari da arba'in da uku Jecha ya ci, Mzee! A kan mutanen Nairobi! Ni da idona na ga kyaftin ɗinsu ya cire hula yana sosa kai."

"Ni ma ina wurin, Bwana Kanji. Bara ke nan. Tun daga ranar sau nawa ya shiga fili?"

"To, yaro ne, wata rana..."

"Sau goma sha ɗaya. Sau shida an fitar da shi bai ci ko ɗaya ba. Abin da 'yan wasa ke kira agwagwa. Shida! Da a ce na gaske ne da tuni uwarsa ta buɗe gidan kiwo a Kigamboni."

Bwana Kanji ya yi dariya ba da son ransa ba. "Shi kuma Kibwananka fa? Ya yini a tsaye ya ci ashirin. Matata ta zo kallo sau ɗaya, barci ya kwashe ta a kujera."

"Ta yi barci, ta farka ta same shi yana nan. Naka kuwa kafin ta gyara zama ya dawo rumfa yana kwance ɗamara."

Mzee ba ya son yanke hukunci a kan mutum a bayan idonsa, domin ya san za a tambaye shi ranar da babu wani kwamiti. Saboda haka ya aika aka kira samarin biyu, da Mwarami, tsohon mai jifa wanda gwiwarsa ta gaji amma hannunsa bai manta hanya ba.

Kibwana ya riga kowa isowa, ya gaida dattawa, ya sa safar kamu ya tsuguna a bayan turaka ukun da mai bugu ke karewa, kamar yadda aka umarce shi. Jecha bai iso ba sai da inuwar kwakwa ta kai tsakiyar fili. A bayan babur ya zo, da tabarau a goshi, da sarƙa a wuya, 'yan acaɓa biyar ko shida na biye da shi suna busa ƙaho kamar an ɗauko ango.

"Shikamoo, Mzee," ya ce, gaisuwar da ake yi wa manya, yana taunar cingam.

"Marahaba. Tofar da abin da ke bakinka, sannan ka saurare ni."

Ya tofar, yana murmushi ga abokansa da suka jeru a jikin shinge.

"Mwarami zai jefo maka ƙwallo goma sha biyu. Wadda ta nufo turaka, ka tare ta ta faɗi a ƙafarka. Wadda ta bi ta gefe, ka ɗaga sandarka ka bar ta ta wuce. Ba na neman maki ko ɗaya. In ka kai ta goma sha biyu kana tsaye, da hannuna zan rubuta sunanka."

Jecha ya dubi Bwana Kanji, ya dubi Mzee. "Wai in tsaya ina kallon ƙwallo tana wucewa? Ai wannan ko kakata za ta iya."

"Kakarka za ta iya. Kai nake shakka."

Masu ilmin wasan nan sun san cewa bugu ba shi ne mafi wuya ba. Mafi wuya shi ne mutum ya ga abin da hannunsa zai iya kaiwa, ransa na so, jama'a na so, ya kame. Mzee ya sha faɗa wa ɗalibansa cewa wanda ya san ma'anar azumi ya riga ya san rabin kurket. A Kigali kuwa ƙwallo sabuwa takan karkace da safe, masu jifan ƙasashen can ba rahama gare su ba, kuma abin da ƙungiya ke bukata shi ne mutumin da zai tsaya sa'a guda har zafin ya wuce.

Mwarami ya jefo ta fari ta gefe. Jecha ya ɗaga sanda sama, ya bi ta da ido, har da rusunawa kamar mai gaida sarauniya. 'Yan acaɓa suka fashe da dariya. Ta biyu ma haka. Ta uku ta nufo turaka, ya tare ta da taushin da ya sa Mzee ya runtse ido, domin ƙwallon ta kwanta a gaban ƙafarsa tamkar an ajiye ta da hannu. Ga ƙafa, ga ido, ga wuyan hannu. Babu abin da Ubangiji Ya rage masa.

Ta huɗu, ta biyar, ta shida. Dariyar bakin shinge ta fara sauya launi.

"Jecha! Yau gadi aka ɗauke ka?"

"Ku ba shi kujera mana, ya gaji da tsayuwa!"

"Kai, ashe sandar ta aro ce, tsoron karyewa yake!"

Mzee ya ga wuyan yaron ya kumbura. Ta bakwai ta wuce, sandar ta ɗan motsa ta koma. Ta takwas ta wuce, ya juya ya harari shinge. Bwana Kanji ya matso ya raɗa, "Saura huɗu, Mzee. Ka fara neman alƙalami."

"Yana aljihuna. Ba ya sauri."

Ta tara Mwarami ya sake ta can waje, nesa da turaka da kamu guda, irin wadda ko makaho zai bari. Jecha ya tako ƙafa ɗaya gaba. Ƙarar da ta fito daga katakon nan ba ta da kaushi ko kaɗan, wani sauti ne mai tsabta, ƙwallon kuma ta tashi ta haye kan kwakwa, ta haye katanga, ta sauka a kan kwanon wani gareji da ke ƙetaren titi. Bakin shinge ya kece da ihu da ƙahon babura. Bwana Kanji ya miƙe tsaye bai sani ba, gahawa ta zube masa a wando.

"Ka gani? Mzee, ka gani?"

"Na gani."

Jecha ya dogara da sandarsa, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Mzee, wannan maki shida ne a Kigali, shida ne a London, shida ne ko a lahira!"

"Ka bar lahira a inda take, ba wurin wasanka ba ne," in ji Mzee, muryarsa ba ta tashi ba. "Sharaɗi ka riga ka karya shi. Amma saura uku, kuma ba na so a ce na zalunce ka. Mwarami, kawo wata."

Aka kawo wata ƙwallon. Mwarami ya goga ta a cinya, ya tako a hankali da gwiwarsa mai ciwo, ya sake ta a daidai wurin da ya saki ta baya, sai dai wannan karon ya ɗan murza ta da yatsa. Jecha bai ko jira ta iso ba. Ya kai mata irin bugun ɗazu, da ƙarfin da ya fi na ɗazu. Ƙwallon ta kauce, ta shafi gefen katako, ta faɗa cikin safar Kibwana, a dokar wasa kuwa mai bugu ya fita ke nan. Kibwana ya riƙe ta, bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba, ya mirgina ta ga Mwarami ya koma ya tsuguna.

Mzee ya zaro takarda ya ɗora a gwiwa, ya yi bisimilla, ya rubuta sunan Kibwana a layi na goma sha huɗu.

Jecha ya iso rumfa yana huci. "Saboda ƙwallo ɗaya?"

"Saboda goma sha ɗaya da suka wuce, da wannan. Ka ci shida, ka fita. Mutum goma na bayanka su shiga wuta, kai kana rumfa kana ba 'yan mata labarin shidan."

"Wallahi za ku neme ni."

"Kada ka rantse da sunan Allah a kan abin da ba ka sani ba. In mun neme ka, mun san inda kake. Kana bakin shinge."

Bwana Kanji yana goge wandonsa da hankici, ransa a ɓace. "Da Kibwana za a cinye mu a hankali, shi ke nan bambancin."

"Mai yiwuwa. Nasara ba a hannuna take ba, Bwana Kanji, ba kuma a hannunka ba. Abin da aka ɗora mini shi ne in faɗi wanda za a iya jingina da shi. Sa hannu a nan."

Ya sa hannu, yana gunaguni da harshen gidansu.

Da rana ta yi ja, Mzee ya ɗauki butarsa ya nufi famfon bayan rumfa. Yana wanke hannuwa sai ya tsinci kansa yana sake jin ƙarar bugun nan a kunnensa. Shekara goma sha tara ya yi yana riƙe da sanda, bai taɓa fitar da sauti irin wannan ba ko sau ɗaya, kuma ya san da za a ƙara masa wasu goma sha taran ba zai fitar ba. Ya tsaya da ruwa a tafinsa, ya tambayi zuciyarsa tsakani da Allah ko hassada ce ta riƙe alƙalamin ɗazu. Ya bincika da gaske, kamar yadda malamansa suka koya masa, ya sami ɗan abin da ya samu, ya nemi gafara a kansa. Sannan ya sake auna hukuncin ba tare da shi ba, ya ga bai motsa ba.

Da ya ɗago, ya hangi Jecha a tsakiyar 'yan acaɓa. Fushin har ya wuce. Ya miƙa wa wani sandarsa, yana nuna musu da hannu wofi yadda ya tako, yadda ya juya, yadda ta tashi, su kuma suna ta kallon sama wajen kwanon gareji. Ƙwallo ta goma kuwa, wadda ta fitar da shi, babu wanda ya tambaye shi labarinta. Mzee ya kawar da kai, ya ƙarasa alwalarsa.