Makullin Lilon Ambrose

Ni dai tun ina yaro an san ni da surutu, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba sai da na haura sittin. Sunana Goni, tela ne ni a Fagge, mahaifina ne ya zo daga Borno ya kafa keken ɗinki a nan. Wanda zan ba ku labarinsa kuwa Ambrose ne, mai walda a Sabon Gari. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yana fita, sai dai duk ƙarshen shekara dole ya kwashi iyali su tafi garinsu can kudu yin Kirsimeti.

Akwai wani fili a lungu tsakaninmu da su, tsohon kududdufi ne da shara ta cike, aka bi da jar ƙasa. A nan Ambrose ya kafa lilon da ya ƙera da hannunsa, wani ƙaton ƙarfe zagayayye mai kujeru takwas. Da hannu ake murza shi, yara su yi sama su dawo ƙasa suna ihu. Marigayi mai unguwa ne ya ce masa ya kafa, da baki kawai. Wa zai kalli mai unguwa a wancan lokacin ya ce masa kawo takarda?

Shekara ashirin da biyu muna da tsari ni da shi. Da Sallah, ni ina can Idi da gaishe-gaishe, shi ke tsaye a gindin lilo tun safe yana ɗora 'ya'yanmu. Idan Disamba ta zo, sai ya tako har shagona da makullin sarƙar da yake ɗaure lilon, ya ajiye a kan keke ya ce, "Goni, ga amanarka. Kada ka ɗora fiye da biyu a kujera." Ni kuma in rufe shago kwana uku, in je in murza wa 'ya'yan mutanensu da ba su yi tafiya ba. A Janairu in mayar masa da makulli, shi kuma ya sauke min galan ɗin manja.

Washegarin wata Kirsimeti ina cikin murzawa, gumi har cikin ido, sai ga wata yarinya ta fito daga baƙar mota da gilashi a fuska da babbar waya a hannu. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ce sunanta Zulfa, wani kamfani take wa aiki. Za su gina katafaren wurin wasan yara, irin mai jirage da motocin lantarki, suna neman inda ya fi dacewa.

"Cunkoso ne ya sa muka biyo lungu, Baba, sai na hango kan lilon nan," in ji ta. "Mu wurare biyu muke dubawa, ɗaya a hanyar Zariya, ɗaya a hanyar Gwarzo. Ogana ya fi son na hanyar Zariya."

To, da na ce mata Allah ya ba da sa'a, da shi ke nan. Amma ina! Jin an ambaci wata unguwa a gaban ɗan Fagge, sai kaina ya ɗau zafi.

"Hanyar Zariya?" na ce. "'Yata, wa zai ɗauki yara biyar ya kai su can? Ku masu karatun nan ba ku san garin ba. Zo ki gani."

Na saki lilo na kama zagayawa da ita kamar filin ubana. Na nuna mata lungun da yaran Fagge ke ɓullowa da ƙafa, da wanda na Sabon Gari ke ɓullowa. Na ce mata duk Kano babu inda ake cin Sallah biyu da Kirsimeti da Ista a fili ɗaya sai nan. Na ce 'yan kasuwar Kwari ta bakin titin can suke wucewa in sun tashi. Har kwatar da Ambrose ya haƙa da kansa don kada ruwa ya kwanta da damina, sai da na kai ta bakinta. Tana ta dannawa a waya tana cewa, "Ikon Allah, Baba." Ni kuwa sai ƙara kumbura nake.

"Wannan ma ba komai ba ne," na ce mata. "Ki dawo ranar yawon Sallah."

Ta kuwa dawo. Ambrose da kansa ya ba ni labari, wai wata ta zo tana ɗaukar hoton yara daga cikin mota, har ya ɗaga mata hannu.

Bayan wata huɗu sai ga mutane da ƙaramar na'ura mai ƙafa uku suna awo. Suka nuna takarda mai hatimi, suka ce an ba kamfani filin, a kwashe ƙarafa cikin mako guda. Ambrose ya yi yawon ofisoshi har takalminsa ya cinye. Ko'ina tambaya ɗaya ce: ina takardarka? Wanda ya ba shi izinin kuwa ya shekara tara a kabari.

Tare muka kwance lilon. Yana sama yana sassauta noti, ina ƙasa ina karɓa, sai ya tsaya ya ce, "Goni, abin da ya tsaya min shi ne, fili a lungu, wa ya kawo su? Wani ne ya nuna musu. Ko wane ne, Allah ya isa."

Na buɗe baki zan faɗa. Wallahi na buɗe. Sai na ji kaina ina cewa, "Amin. Allah ya isa."

Ya jingine ƙarafan a bayan shagonsa ya ɗaure da sarƙar nan, wai kafin ya samu wani filin. Ina fili a Fagge yanzu? Duk inda ka ga sarari, gobe shaguna ne. Amma Disamba biyu a jere sai da ya kawo min makullin, yana dariya yana cewa ga amanata, kada in ɗora fiye da biyu. Ni ma in yi dariyar. Duk zaman da muka yi sai ya tayar da maganar munafukin da ya kai su, ni kuma in taya shi zagi.

Da aka gama ginin, sai ga kati an aiko min na bikin buɗewa. Na ɓoye shi a ƙarƙashin yadi, Ambrose ya zo hira ya gani. Ya ce mu je tare, yana son ganin injinansu, ƙila ma su ɗauke shi gyara, tunda babu wanda ya fi shi sanin lilo. Na kawo ciwon ƙafa, na kawo ɗinkin biki, bai saurare ni ba. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, muka tafi.

Wuri ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe da masu gadi. Yaran unguwa kuwa, waɗanda na ɗora iyayensu a lilo, suna waje sun manna fuska a jikin ƙofar, don kuɗin shiga ba na gidajenmu ba ne. Mai gadi yana ta kora su da sanda.

Ana cikin jawabai Zulfa ta karɓi lasifika. Ta ce akwai mutum ɗaya da ba za su manta ba. Ta ce saura kaɗan su tafi hanyar Zariya, wani dattijo ya kama hannunsu ya nuna musu wurin nan lungu-lungu, har da hanyar ruwa. "Baba Goni, don Allah taso."

Aka hau tafi. Na tashi na fita gaba. Aka miƙa min katin shiga kyauta na shekara guda, aka ɗauki hoto. Da na waiwaya, kujerar Ambrose babu kowa.

A bakin titi na cim masa. Na ce, "Ambrose, wallahi ban san abin da zai biyo baya ba."

"Na sani," ya ce. "Na san bakinka, Goni. Da ranar da na dawo daga kudu ka ce min ka yi surutu, da na zage ka mun wuce wurin. Amma shekara biyu kana cewa amin."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Ya tare adaidaita ya shiga.

A makon nan ya kira 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka zo da kura suka kwashe ƙarafan lilon. Na aika babban ɗana ya ba shi haƙuri, na je da kaina sau uku, kullum sai ya gaishe ni da mutunci ya koma kan waldarsa.

Da Disamba ta zo, ina cikin ɗinki na ga inuwa a ƙofa. Ambrose ne, ya shigo ya ajiye makullin a kan keke. Na jira ya ce ga amanarka, bai ce ba.

"Babu abin buɗewa," ya ce. "Ƙafata ce ta saba."

Janairu ta zo ta wuce, Ambrose bai dawo daga kudu ba. Shagonsa yanzu wani mai sayar da caja ne a ciki. Katin kyautar yana cikin durowa, ko sau ɗaya ban shiga ba. Makullin kuwa yana nan rataye a jikin kekena, Janairu biyu ke nan ba wanda ya zo karɓa.