Abin da Ke Aljihun Dattijo

Kibiyar kwamfutar ta haye saman shafin, ta kamo wani hoto ta ja shi gefe, ta sauko ta daidaita kan labari, alhali babu hannun Dattijo ko ɗaya a kan tebur. Ya jingina da kujera, ya miƙe ƙafafu, hannun dama a cikin aljihun riga, idanu a ɗan lumshe kamar wanda ake yi wa aski.

Rediyo, wadda teburinta ke fuskantar nasa, ta daɗe tana leƙensa ta saman tabarau. Ita ce mai duba kurakuran rubutu a maɗaba'ar, kuma ba don daɗin murya aka sa mata wannan suna ba. Abin da ta gani da safe, kafin rana ta take har mai gadi ya ji shi, da ƙari. Daga inda take ba ta ganin fuskar kwamfutarsa, bayanta kawai take gani, da tsoho a kishingiɗe.

"Dattijo, wai barci kake yi ne?"

"Aiki nake yi."

"Da me? Da ido?"

"Ke dai ki ji da waƙafi da ayarki, ki ƙyale ni."

Gaskiya ya faɗa mata. Tun kafin wasu ma'aikatan wurin su iya ɗaura wando yake tsara shafuka a wannan maɗaba'a, har linzamin kwamfuta, wanda kowa a ofis ke kira maus, ya cinye masa wuyan hannun dama. Da farko tsami yake yi, daga baya ya koma zogi, har ta kai ga ba ya iya murɗa murfin kwalba sai matarsa ta buɗe masa tana tsokanarsa. 'Yarsa ta fari, wadda ke aikin gashin ƙashi a asibiti, ta duba hannun ta yi masa faɗa kamar ita ta haife shi. Da ta dawo sai ga ta da wani ɗan abu baƙi wanda bai cika tafin hannu ba.

"Baba, wannan ma maus ne, amma ba a jan sa a kan tebur, kuma ba shi da waya. Riƙewa za ka yi. Ka ga wannan jan ƙwallon? Da babban yatsa za ka riƙa mirgina shi, kibiya ta bi. Wannan na ƙasa kuma, mai kama da kunamar bindiga, shi za ka matsa in za ka kama abu. Hannunka yana kan cinya yana hutawa, aiki yana tafiya."

Ta soka wani ɗan mitsitsin abu a gefen kwamfutarsa, ta ce kada ya taɓa. Bai taɓa ba, har ya manta yana wurin.

Abin ya karɓe shi. Zogin ya lafa, aiki ya ƙara sauri. Sai dai babban yatsansa ya kamu da son ƙwallon nan fiye da kima. A cikin mota yana mirginawa, a layin banki yana mirginawa, in ransa ya ɓaci kuwa har da matsa kunama. Matarsa ta ce in ya ci gaba a haka wata rana zai mirgina mata hanci cikin barci.

Abin da ya sa yake ɓoye shi a aljihu kuwa, sabuwar Manaja ce. Ranar da ta kama aiki ta tara kowa ta ce duk wanda jikinsa ba zai iya ɗaukar aikin ba ya faɗa, a sallame shi cikin mutunci. Mai yankan takarda ya ɗauka tausayi ne, ya je ya ba ta labarin ciwon bayansa. An kuwa sallame shi cikin mutunci, har da hoto. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara yin ko tari a ofis. Dattijo ba abin da yake tsoro kamar zaman gida, ya wuni yana kallon fanka, ga autarsa ba ta gama makaranta ba. Saboda haka ya bar tsohon maus mai waya a kan tebur don ado. Da ya ji takun takalmin Manaja sai ya ɗora hannu a kai ya haɗe rai.

Yana cikin gyara shafi na ƙarshe Injiniya ya faɗo ɗakin yana haki, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Shi ke kula da na'urorin maɗaba'ar, mutum ne mai haƙuri da baƙin jini wajen wayoyi, kuma matarsa na da tsohon ciki.

"Baba, ka rufa mini asiri. Mutanen makarantar nan sun iso, kwamfutar Manaja ta ƙi haɗuwa da majigi. Mujallarsu tana kan taka, ko? Ara mini. Ta ce in aka ƙara samun matsala yau, in ajiye mata makullai."

Kafin Dattijo ya amsa ya zare wayar tsohon maus, ya rungume kwamfutar.

"Kai ma ta ce ka zo, ko za su yi tambaya."

Dattijo ya bi shi hankali kwance. A saninsa abin aljihunsa na tebur ne, a nan 'yarsa ta haɗa shi, a nan yake aiki. In an bar tebur, ai ya zama abin wasan yatsa kawai.

A ɗakin taro an sauke labule. Shugaban makarantar yana zaune a gaba, babban mutum mai gashin baki wanda ba ya dariya sai ya ga dalili a rubuce. Mataimakiyarsa na gefensa. Manaja ta tsaya kusa da bango tana murmushin da take ajiyewa domin baƙi. Rediyo ma ta shigo da biro a hannu, wai ko za a ga kuskure. Dattijo ya samu kujerar can baya ya zauna, hannu a aljihu.

Mujallar ta fito a bango, shafi biyu a buɗe. A hagu jawabin Shugaba ne da hotonsa cikin kwat, ya dafa littafi. A dama labarin gonar makaranta ne, da hoton wani ƙaton rago, an rubuta a ƙasansa: Wanda ɗalibanmu suka kiwata a bana.

"Kamar yadda kake gani, ranka ya daɗe," in ji Manaja, "mun ba hotonka wurin da ya dace da shi."

Shugaba ya gyara zama. "Wa ya tsara?"

Manaja ta nuna baya. Shugaba ya juyo ya ƙare wa Dattijo kallo, ya juya. Gaban Dattijo ya faɗi. Babban yatsansa kuwa ya san abin da yake yi in gaba ya faɗi.

Kibiyar da ke kwance a kusurwar bango ta farka. Ta yi wani ɗan zagaye, ta haura, ta sauka a kan gashin bakin Shugaba ta fara kai da komo kamar mai taje shi.

"Injiniya," in ji Manaja, murmushin na nan amma haƙora a cije, "cire hannunka."

Injiniya ya ɗaga hannuwansa biyu sama. Kwamfutar tana gabansa, ba mai taɓa ta.

"Innalillahi," in ji Rediyo. "Da kanta take yi."

Dattijo ya zura wa bango ido, tsoro ya kama shi sosai, don aikinsa ne ake lalatawa a gaban baƙi. Da tsoron ya ƙaru sai ya damƙe abin da ke aljihunsa. A bango hoton Shugaba ya ɗaga daga mazauninsa. Ya taho a hankali, da kwat da littafi da komai, ya tsallaka tsakiyar mujalla, ya yi ɗan jinkiri, sannan ya zauna daram a kan ragon. Ƙahoni biyu kawai suka rage, suna leƙowa ta bayan kunnuwansa. Rubutun ƙasa bai motsa ba.

Mataimakiyar ta karanta shi a hankali, leɓunanta na motsi. Sai ta sunkuya ƙarƙashin tebur wai tana neman biro, kafaɗunta na rawa.

"Subhanallahi!" Dattijo ya zaro hannu ya toshe baki.

Kibiyar ta tsaya cak.

Ya daɗe yana kallon ta. Ya mayar da hannu aljihu a hankali, ya ɗan tura ƙwallon hagu. Kibiya ta yi hagu. Ya tura dama. Ta bi shi dama, da biyayyar da ta saba. Sai a lokacin idonsa ya kai gefen kwamfutar, ya hango ɗan mitsitsin abin nan a soke inda 'yarsa ta bar shi.

Manaja ta daina murmushi. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi muni.

"Injiniya, na gaya maka tun da safe. Ajiye makullan a nan."

"Wallahi ranki ya daɗe ban taɓa ba. Ko ƙwayar cuta ce ta shiga, ki ba ni ɗan lokaci in..."

"Makullai."

Injiniya ya fara laluben ƙugunsa. Ba wanda ya kalli kujerar baya. Dattijo zai iya zare hannunsa ya naɗe a ƙirji, a tashi taro, ya koma teburinsa da ciwonsa a ɓoye. Ya yi niyyar hakan ma, har ya naɗe hannun. Amma ƙarar makullan nan da ta taɓa tebur ta shiga masa har cikin rai, ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba.

Ya miƙe. Gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ranki ya daɗe, ba ƙwayar cuta ba ce. Ni ne."

Ya fito da abin ya ɗaga. Jan ƙwallon ya kama hasken majigi. Rediyo ta ja kujerarta baya.

"Mene ne wannan?"

"Maus ne. Na hannu." Ya mirgina, kibiya ta yi gaisuwa a bango. "Wuyan hannuna ne ya lalace, ba na iya jan na tebur. 'Yata ce ta kawo mini. Na ɗauka in na bar teburina ba ya aiki. Yatsan ne ba ya jin magana."

Shugaba ya miƙo hannu, Dattijo ya kai masa. Ya jujjuya abin, ya sa babban yatsa.

"Ta ina ake kamawa?"

"Ka matsa na ƙasa, ranka ya daɗe, ka riƙe, sai ka mirgina."

Shugaba ya kamo kansa daga kan ragon, ya fito da harshe gefe kamar ɗan aji ɗaya, ya tuƙa hoton har gida. Ya tambayi yadda ake ƙara girma, aka nuna masa, ya ƙara wa hotonsa girma har ya ture rabin jawabinsa.

"Haka za a buga," ya ce. "Ragon kuma a rage shi."

Bayan baƙi sun tafi, Injiniya ya tsince makullansa ba wanda ya hana shi. Ya kama hannun Dattijo zai yi godiya, Dattijo ya yi ƙara, don hannun daman ya kama.

Manaja ta kira shi ofishinta mai bangon gilashi. Ya tsaya a gabanta ya riga ya gama shirya abin da zai gaya wa matarsa. Ta sa ya maimaita bayanin, ta tambayi inda zogin yake farawa, da ko yana kaiwa gwiwar hannu, da ko yatsu na yin sanyi da safe. Ya yi mamakin yadda ta san tambayoyin. Da ta miƙa hannu za ta karɓi abin, hannun rigarta ya ja baya, ya ga bandeji ruwan ƙasa a naɗe a wuyan hannunta, irin wanda shi sai ya koma gida yake ɗaurawa. Suka yi ido huɗu. Ta ja hannun rigar ta rufe.

"Ban yarda a riƙa shigo da na'ura ofis ba tare da an bincika ba," ta ce. "Ka bar shi a nan, har da ɗan abin da ke soke a kwamfutarka."

"To, maganar sallama fa, ranki ya daɗe?"

"Wa ya ce maka sallama? Ka je ka rage ragon nan."

"Da me zan rage shi?"

"Ba akwai maus a teburinka ba?"

Ya koma ya soka wayar tsohon maus, ya ɗora hannu. Zogin ya yi masa maraba tun kafin ya kai ga ƙahon farko. Babban yatsansa ya shiga aljihu ya laluba, bai samu kowa ba.

Can Rediyo ta leƙo ta saman tabarau, ta yi ƙasa da murya, ta nuna ofishin gilashi da haɓa.

"Dattijo, duba ka gani. Manaja ce ta kishingiɗa, hannu a cinya, ido a lumshe. Mu tana hana mu tari, ita ga ta tana barci."

Dattijo ya ɗaga kai ya duba. Ya murza wuyan hannunsa, ya koma kan ragon.

"Aiki take yi," ya ce.