Siririn Bututun Mamman

Mamman maƙerin fari ne a Ƙofar Wambai, aikinsa fitilu da butoci. Lokacin yaƙin basasa ne, kayan gyara sun daina zuwa daga kudu, masu gyaran ma sun bar gari tun rikicin da ya gabaci yaƙin. Shi ya sa da iyakwandishan ɗin Alhaji Isiyaku na Gwammaja ya daina sanyi, aka rasa wanda za a kira sai shi.

"Malam Mamman, don Hajiya babba na sa shi, zafin nan na bazara yana tayar mata da haki," in ji Alhaji. "Ka duba, ko Allah zai sa."

Mamman ya kwance bayan injin. Nan ya ga wani bututun jan ƙarfe siriri kamar tsinken tsintsiya, a nannaɗe, ya toshe. Ya ce a ransa, wannan ai rowar Bature ce. Ya yanke shi, ya liƙa mai faɗi.

Gas ɗin da ke ciki ya fice wurin yankan. Da ƙyar wani direban Alhaji ya samo tukunyar gas daga Ikko, ya kuma nuna masa yadda ya ga ana ɗurawa. Aka kunna. Injin ya yi ta gurnani, iska na fitowa da ɗumi.

Abin ya tsaya wa Mamman a rai. Hanya ta buɗe, me ya hana sanyi? Washegari yana shan koko, ya tsuke baki yana hurawa, sai ya tsaya. Ya buɗe baki ya yi huci a tafin hannunsa, ɗumi. Ya tsuke ya hura, sanyi.

"Malam, lafiya?" matarsa Hauwa ta tambaya.

"Ashe matsin ne aikin," ya ce, ya bar kokon.

Ya ciro siririn bututu daga wani mataccen firiji da ke gidan Alhaji ya sa. Wannan karon ƙanƙara ta kama bakin bututun, amma ɗakin bai yi sanyi ba. Sai direban ya sosa ƙeya.

"Gaskiya mai sayarwar ya ce gas ɗin na firiji ne. Na ɗauka duk ɗaya ne."

Mamman bai ji haushi ba, murna ma ya yi. Wato kowane gas da irin matsin da yake so. Ya dinga rage tsawon bututun kaɗan-kaɗan, yana ɗurawa, yana taɓa ƙarfen da bayan hannu, har raɓa ta bazu ko'ina.

Sanyin bai kai na da ba, amma Hajiya ta samu barcin rana. Mamman ya so ya ƙara rage tsawon ɗan yatsa guda ya gani.

"A'a, Malam Mamman," in ji Alhaji yana dariya, "a bar shi haka."

Sai Mamman ya roƙi ragowar gas ɗin don ya ci gaba da gwaji, ya sa ɗan dako ya kai masa mataccen firijin gida. Hauwa ta ce a tsakar gidanta dai ba zai zauna ba, don haka aka ajiye shi a zaure.