Koken Mai Zuma

Shekara tara Malam ya yi yana sarauta, kuma duk faɗin ƙasarsa bai kai rabin teburi ba. Teburin yana ɗakin baya na shagon mai ɗaurin littattafai, tsakanin injin yankan takarda da bokitin gam. A kansa aka shimfiɗa taswirar da Malam ya zana da hannunsa tun yana koyar da tarihi: ƙasashe huɗu na ƙirƙira, a zamanin takobi da ayari. Kowace Asabar da yamma manyan mutane masu jikoki sukan taru su yi ta cin garuruwan juna, kamar ba su da ciwon gwiwa.

Wasan yana da ƙa'ida, kuma Malam ne ya rubuta yawancinta. Sarakuna huɗu suna zama a kujeru, kusa da taswira. Sauran 'yan wasa talakawa ne, suna zama a benci a bayansu, kowa da katinsa mai ɗauke da mutum ɗaya, da sana'arsa, da garinsa. Talaka ba ya yi wa sarki magana baki da baki. Sai ya rubuta koke ya jefa a gwangwanin biskit, mai shagon, wanda suke kira Alƙali, ya miƙa wa sarkin. Kowane sarki yana da hatimi uku a mako, ba ƙari. Da su zai tada yaƙi, da su zai gina ganuwa, da su zai amsa koke. Malam yakan ce a nan hikimar take, domin ba a taɓa yin sarkin da lokaci ya ishe shi ba. Yana jin daɗin wannan magana. Ya faɗe ta ya fi sau ɗari.

Matarsa ta shiga wasan ne bayan 'ya'yansu sun watse, gida ya yi mata faɗi. Ta ce ta gaji da jin labarin yaƙi a kan kwanon abinci, gara ta je ta ga inda ake zubar da jinin. Ta ɗauki katin mai kiwon zuma a Mashigi, wani ƙaramin gari a bakin kogi cikin ƙasar Malam. Ƙaninta, wanda kowa ke kira Auta duk da furfurarsa, ya ɗauki katin mai fito a wannan kogin. Shekara biyar ta yi a bencin nan. Koke ɗaya tak ta taɓa rubutawa, kuma da ta tambaye shi a gida yaushe zai sa a karanta, sai ya ce mata maganar fada a fada ake yin ta. Ta yi dariya ta ce, “To, ranka ya daɗe.” Wata bakwai ke nan da rasuwarta. Takardar tana nan a cikin ambulan ɗinsa, tare da wasu da bai buɗe ba.

Asabar ɗin da ta wuce ya yi abin da ya ɗauka shi ne gwanintar mulkinsa. Mai Kemis, sarkin ƙasar da ke ƙetaren kogi, ya matsa masa da yaƙi shekara guda. Malam ya sayi zaman lafiya da gari ɗaya: ya ba shi Mashigi, ya riƙe hanyar ayari. Ya buga hatimi, aka tafa masa. Sulhun zai fara aiki ƙarshen zaman Asabar mai zuwa. Ya koma gida yana jin kansa.

Ranar Laraba ya kai agogonsa wurin Auta, wanda ke gyaran agogo a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota. Auta ya karɓa bai ɗago ba, ya maƙala gilashinsa a ido.

“Ba ka gaishe da sarkinka, Auta?”

“Wane sarki? Ai ka sayar da mu.”

“Haba, ɗan garin da ko kasuwar kirki ba shi da ita? Kai da kwalekwalenka, ai kowane ɓangare ka ci abinci.”

“Ni kam na ci.” Ya buɗe bayan agogon da tsinin wuƙa. “Malam, in tambaye ka. Su wa ke zaune a Mashigi?”

Malam ya buɗe baki zai lissafa. Ya san yawan dakarun garin, ya san tsawon ganuwarsa. Sai mai zuma ta faɗo masa a rai.

“Ka tuna ke nan,” in ji Auta. “Ƙa'ida ta goma sha ɗaya, kai ka rubuta ta. Garin da aka miƙa wa abokin gaba, duk katin da ba shi da mai riƙo a cikinsa, yaga shi ake yi. Wata bakwai Alƙali yana kau da kai, yana barin katin Yaya a akwati. Yanzu ka ɗaure masa hannu.”

“Ban lura ba.”

“Na sani. Da da gangan ka yi, da na fi jin sauƙi.” Ya hura cikin agogon. “Wannan ba abin da ya same shi. Ba ka murɗa shi ba ne kawai.”

Kwana uku Malam ya yi yana jujjuya littafin ƙa'ida kamar mai neman allura a rairayi. Hatimin da aka buga ba ya dawowa. Shi ya rubuta haka, har ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya yi tunanin roƙon Alƙali ya yi masa alfarma, sai ya tuna ranar da ya hana wani tela alfarma irin wannan, ya yi masa wa'azi a kan cewa doka ba ta da suruki. Telan bai sake zuwa ba. Mutumin da ya karanta tarihin sarakuna da yawa ya san sunan abin da ya yi, kuma sanin sunan bai rage masa komai ba. Kati ne, ya gaya wa kansa, kwali ne mai faɗin tafin hannu. Amma kayanta an raba, ɗakinta an share, lambar wayarta ma an ba wani. Wuri ɗaya ya rage a duniya da ake cewa tana nan, tana duba amyar zumarta, kuma shi ya miƙa wurin don ya tsare hanyar raƙuman da babu su.

Ƙofa ɗaya ya samu, a shafi na ƙarshe. Wanda sarki ya sauka a gidansa lokacin rangadi ya shiga littafin tarihin wasa, ba a yaga katinsa ko da garin ya ƙone. Sai dai rangadi yana cinye hatimi ukun gaba ɗaya, kuma sarki ba ya zuwa gidan talaka sai in talakan ya gayyace shi a rubuce. Sarkin da kuma sulhu ya riske shi a ƙasar da ya miƙa, ya zama kamamme, gadon mulkinsa ya faɗi. Ya ɗauko ambulan ya dubi takardarta, an naɗe ta gida huɗu yadda take naɗe takardar magani. Bai san ko gayyata ce a ciki ba. Ƙa'ida ta ce Alƙali ke buɗe koke a gaban jama'a. Ya mayar da ita. Gaskiyar magana, ba ƙa'idar ce ta hana shi ba.

Ranar Asabar ɗakin ya cika. Mai Kemis ya zo da sabuwar hula.

“Maƙwabci, ka kawo mini makullin garina?”

“Zauna tukuna, kada hular ta faɗi.” Malam ya tura takardar gaban Alƙali. “A karanta wannan.”

Alƙali ya ga rubutun ya gane. Ya goge gam ɗin yatsunsa a jikin riga, abin da bai saba yi ba, sannan ya warware ta.

“Ranka ya daɗe,” ya karanta. “Ni ce mai zuma ta Mashigi. Ban kawo ƙarar kowa ba, ba na neman rijiya. An ce mana muna da sarki, amma mu dai ƙeyarsa muke gani. In ya sami sarari ya zo ya yi mana yini ɗaya, ya sha zuma, ya bar taswirarsa a gida. In yaƙi bai bari ba, babu komai. Ƙudan zuma ma ba kullum suke ganin nasu ba, kuma ba su fasa aiki.”

Alƙali ya karanta kwanan watan da ke ƙasa, don haka ƙa'ida ta ce. Asabar ce ta makon da suka karɓo sakamakon asibiti. Malam ya tuna abin da ya yi da hatiminsa a ranar, domin irin wannan ba ya mantawa: gada ɗaya, dawaki ɗari biyu, da ɗaurin auren wani yarima da ba a taɓa haifa ba.

“Gayyata ce?” ya tambaya.

“Gayyata ce,” in ji Alƙali.

Malam ya ɗauki hatimin, ya buga sau uku a kan takardar. “Rangadi. Mashigi.”

Mai Kemis ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. “Malam, tsaya. In don katin ne, ni na yafe. A ɗaga sulhun mako guda, wa zai ce wani abu?”

“Telan nan zai ce, in ya ji. Ka bari.”

Alƙali ya ɗauki ɗan dutsen da ke matsayin sarki, ya ajiye shi a bakin kogi. “Sarki ya iso mashigar ruwa, ba dakaru. Mai fito, ga fasinja. A kwalekwale an yarda talaka ya yi magana.”

Auta ya taso daga benci ya tsaya a gefen teburi. Shekara biyar ke nan, yau ne karo na farko da suka fuskanci juna a ɗakin.

“Ina zuwa, ranka ya daɗe?”

“Gidan mai zuma.”

“Ka san hanya?”

“Ban sani ba.”

“Ashe. To shiga, ka zauna a tsakiya, kwalekwale bai san sarki ba.” Ya sa yatsa ya tura dutsen a hankali bisa shuɗin layin kogin. “Ta daɗe tana share ƙofar gida. Mun ce mata ta daina, mai hanyar ayari ba ya zuwa inda babu ayari. Ta ce mu ba mu san shi ba, mantuwa ce kawai gare shi.” Dutsen ya kai gaci. “Sauka. Ga gidan can, mai amya a bishiya.”

Malam ya dubi Alƙali. Bai san abin da yake jira ba, amma yana jira.

Alƙali ya ciro katin daga akwati. Gefensa ya yi laushi saboda riƙo, akwai ɗigon man zafi a kusurwa. “Sarki ya yi sallama,” ya ce. “Katin da ba shi da mai riƙo ba ya amsawa, Malam. Ka sani.”

“Na sani. Ni na rubuta.”

“Amma ka sauka a gidan.” Ya buɗe babban littafin da ya ɗaure da hannunsa, ya rubuta layi biyu, ya shafa gam a bayan katin ya manna shi a shafin, ya danne da tafin hannu. “Ta shiga. Sulhu ya fara aiki. Sarkin ƙetare, kana da kamamme.”

Mai Kemis bai taɓa dutsen ba. Ya ce a rubuta cewa ya bar kamammen a garin, ya riƙa ɗebo wa amya ruwa.

Kamamme ba ya zama a kujera. Malam ya tattara ambulan ɗinsa ya zagaya baya. Mutanen benci suka matsa, wurin da ya buɗe kuwa shi ne na ƙarshe, jikin bango, kusa da Auta. Ya zauna. Daga nan ba a ganin taswira ko kaɗan, sai bayan kujeru da ƙeyar masu mulki. Kafin a gama zagaye ɗaya gumi ya jiƙa masa wuya. Ya ɗaga kai ya ga fankar ɗakin teburin kawai take kaɗawa, iskarta ba ta isowa benci. Shekara biyar, ko sau ɗaya ba ta faɗa ba, shi kuma ko sau ɗaya bai waiwayo ba.

Auta ya sunkuya, ya laluba ƙarƙashin bencin, ya zaro wani yankin kwali da aka soke a tsakanin katako. Gefe ɗaya ya lanƙwashe daidai riƙon hannu saboda yawan fifita. Ya ajiye masa a cinya ba tare da ya dube shi ba.

“Nata ne,” ya ce. “In ka gama ka mayar inda yake.”