Kwali Ɗaya a Kwantenar Alhaji

"Ku cire masa rigar tukuna."

Abin da Alhaji Abdulbaƙi ya fara faɗa ke nan a waya, tun kafin ya tambayi wace ƙafar ce. Ma'azu, abokin lodin Shitu, ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a kan dila saboda hannuwansa duk jini ne, don haka Shitu ya ji da kunnensa, yana kwance a dandariyar simintin sito, kusa da motar ɗaga kayan da ta bi ta kan ƙafarsa ta hagu.

Rigar ruwan ɗorawa ce, da sunan kamfanin jigilar kaya na Alhaji a bayanta, da Turanci da rubutun Sin. Ma'azu ya tsuguna ya zare ta a hankali ta kan Shitu, ya cusa ta ƙarƙashin wani kwali, bai yarda sun haɗa ido ba. Direban motar, wani Basine mai furfura, yana tsaye yana ta magana da hannu, ba mai sauraronsa. Kwantenar da suke lodi tana nan baki buɗe, rabi cike da dilolin atamfa da takalma, ga mai tirela yana ta danna oda don ana jiransa a tashar ruwa ta Nansha.

Suka ɗora Shitu a bayan motar kai kaya. Shi kam bai kalli ƙafar ba. Takalmin ya isa ya gaya masa komai, don ya baje kamar an taka gwangwani.

Shitu ba baƙo ba ne a hannun Alhaji. Tun yana ɗaurin kaya a Kantin Kwari Alhaji ya gan shi, ya yaba da ƙarfinsa da riƙon amanarsa, ya yi masa fasfo ya kawo shi birnin Gwanzu na ƙasar Sin. Alhaji ne yake cewa a zo da safe, shi yake cewa a tashi, shi yake biya ƙarshen wata, shi yake faɗa idan an yi lodin banza. Ba su taɓa rubuta komai tsakaninsu ba. Wa yake zama da maigidansa ya ce a kawo takarda a sa hannu? Ai rashin kunya ne. Da Radiyya matar Shitu ta haihu a Kurna, ragon suna daga aljihun Alhaji ya fito, kuma a gaban mutane ba ya kiransa komai sai "yarona".

Motar ta shiga cunkoson titin Guangyuan, inda 'yan sari suke fitowa daga jirgin ƙasa suna jan manyan buhuna. Zafi da gumi kamar an rufe gari da murfin tukunya. Ma'azu, mutumin Maraɗi ne kuma sa'an Shitu, ya ɗaure masa ƙwauri da igiyar ɗaurin kaya yana riƙe da ita.

"Malam Shitu, kana jina?"

"Ina ji."

"In mun tahi likita za su tambaye ka abu guda. Ka yi hankali da bakinka. Ka tuna Maidaji?"

Shitu ya tuna shi. Ɗan lodin wani sito ne a unguwar Liwan da dila ta faɗo masa a baya.

"Shi ya hwaɗi gaskiya, ya ce aiki yake yi," in ji Ma'azu. "An yi mishi magani, ba a hana ba. Maigidan nashi kuma an ci shi tara, an ruhe sito. Maidaji na miƙewa aka tsare shi, aka sa shi jirgi, aka buga mishi hatimi ba shi dawowa. Yanzu ka tambaya a Kwari, ko ɗaurin kwali babu mai ba shi. Cewa suke shi ne wanda ya kai ubangidanshi hannun 'yan sanda."

"To me kake so in ce?"

"Ni ban ce ka ce komi ba. Ni ɗan lodi ne kamarka."

A asibiti aka yanke takalmin da almakashi, aka yi masa allura, aka ɗauki hoton ƙashi. Da raɗaɗin ya ɗan lafa sai wata mata mai tabarau ta zo, wadda take yi wa baƙi tafinta. Turancinta a hankali take yin sa, Shitu kuma Turancin kasuwa ya iya, amma sun fahimci juna sarai.

Ta ce likita ya ga hoton. Hanya biyu ce. Ko a tattara ƙasusuwan a ɗaure su da ƙarafa, tiyata bayan tiyata, jinya mai tsawo, mai yiwuwa ya sake taka ƙafar. Ko kuma a yanke gaban ƙafar yau, a ɗinke, ya tashi da wuri. Ta farkon tana da nauyin aljihu ƙwarai, sai an san wanda zai tsaya mata.

"Shi ya sa zan tambaye ka," ta ce. "A bakin aiki ka ji ciwon nan? Idan ma'aikaci ne kai, wanda ya sa ka aikin dole ne ya ɗauki jinyar, har da diyya. Ba roƙo ba ne. Amma sai mun sanar da hukuma, su kuma za su duba fasfonka."

Shitu ya san abin da yake cikin fasfon. Bizar ɗan kasuwa ce, ta mai zuwa sari ya koma. Ba ta yarda ya ɗaga ko tsinke don a biya shi ba.

"Idan kuma ba ma'aikaci ba ne fa?"

"To haɗari ne kawai ya same ka. Kai da 'yan'uwanka."

Ta ce za ta dawo.

Ƙamshin turaren Alhaji ya riga shi shigowa. Ya zo da shaddarsa fara, ya zauna a bakin gadon ba tare da ya damu da jinin da ke jikin zanin ba, ya kama hannun Shitu da hannu biyu.

"Innalillahi. Sannu yarona. Sannu. Wallahi da na ji, ruwan da ke hannuna sai da ya zube."

"Yauwa Alhaji."

"Ƙaddara ce, ba mai tsallake ta. Sun zo sun yi maka tambaya?"

"Ta zo. Ban amsa ba."

"Madalla. Ka yi hankali." Alhaji ya gyara zama, ya rage murya. "Shitu, ni ba zan sa ka ƙarya ba, ka san ni. Tambayarka zan yi. Kwantenar nan ta yau, akwai kwalinka a ciki ko babu?"

"Akwai, Alhaji."

"Me ke ciki?"

"Takalman yara ne da hijabai, na Radiyya."

"Sunan wa aka rubuta a jiki?"

"Nawa."

"Da hannun wa?"

"Da hannuna."

"To ina ƙaryar? Mutum yana da kaya a kwantena, ya zo sito ya ga yadda ake loda masa, mota ta taka shi. Ɗan kasuwa ne kai, Shitu. Ƙaramin ɗan kasuwa, amma ɗan kasuwa."

Shitu ya mayar da idonsa kan silin.

Wannan kwalin shi ne abin alfaharinsa a Gwanzu. Al'adar sitonsu ce: duk kwantenar da za ta tashi, kowane ɗan lodi yana da wurin kwali ɗaya kyauta, ya sa abin da ya ga dama, ya rubuta sunansa da lambar wayar gida. Da shi Radiyya take 'yar sana'arta a cikin gida. Sau nawa Shitu ya zauna a wurin cin abincin 'yan Kano yana yi wa 'yan lodin wasu situna gori, yana cewa su nuna masa maigidan da yake yi wa yaransa haka?

Sai yanzu wani abu ya faɗo masa. Ba a taɓa kulle kwantena ba sai Alhaji ya tambaya ko kwalin kowa ya shiga. Akwai watan da Shitu ba shi da abin aikawa, ya ce a bar nasa wannan karon. Alhaji ya ɓata rai, ya aika aka sayo safa cike da kwali, ya miƙa masa alƙalami ya tsaya a kansa har sai da ya rubuta sunansa. Ranar har ƙwalla Shitu ya yi, yana cewa irin wannan bawan Allah sai an tona.

Ashe tun farko don irin wannan ranar ake sa kwalin.

"Alhaji, ƙafar fa? Sun ce aikin ƙarfen yana da nauyi."

"Haba Shitu! Ni kake tambaya? Wa ya kawo ka ƙasar nan? Wa ya yanka wa ɗanka rago? Sai hukumar arna ta tilasta ni kafin in duba yarona?" Ya saki hannun. "Ko ka fi yarda da su ne? Faɗa mini in sani."

Ma'azu yana tsaye a jikin bango, kansa a ƙasa.

"A'a Alhaji. Allah ya huci zuciyarka."

"Mutum goma sha wani abu suke ci a siton nan. Ka tuna da su. Ka tuna kuma wata rana Kwari za ka koma."

Mai tabarau ta dawo, likita yana biye da ita. Ta tsaya a ƙarshen gadon, ta kalli Alhaji, ta kalli Shitu, ta ce ko yana so mutanen nan su ba su wuri.

"A'a," in ji Shitu. "Babana ne."

Ta maimaita tambayarta, kalma bayan kalma, kamar mai ba yaro dama ta biyu. Shitu ya ji ƙafar tana bugawa daga can nesa, kamar ba a jikinsa take ba.

"Ɗan kasuwa ne ni," ya ce. "Kayana na je dubawa."

Matar ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta gyaɗa kai, ta juya ta gaya wa likita.

"Allah ya yi maka albarka," Alhaji ya ce, ya shafa kan Shitu. "Kwanta ka huta. Bar mini sauran."

Ya miƙe ya ja likitan zuwa bakin ƙofa. Alhaji ya daɗe a ƙasar, yarensu a bakinsa kamar ruwa. Shitu kuwa bai iya komai ba sai na cikin shago: sannu, na gode, maigida, babu. Ya kasa kunne duk da haka. Likita ya ɗaga hoton ƙashin yana nuni da yatsa, ya yi dogon bayani, sannan ya yi gajere. Alhaji ya saurara yana jan carbi. Sai ya karkatar da kai gefe, ya yi ɗan murmushin nan da Shitu ya sha gani a shagunan Guangyuan, ya yi tambaya.

A cikin tambayar Shitu ya tsinci kalma ɗaya da ya sani. Fiyenyi. Ita ake faɗa wa mai shago idan ana son ya nuna wanda ya fi araha.

Likitan ya kalli gadon, sannan ya ɗora yatsansa a tsakiyar hoton, ya ja layi.