Tsohuwar da Muhyiddeen Ya Yi wa Kuka

Muhyiddeen ya dawo Sokode daga wata jami'a a yammacin Faransa da takardar digiri, da gyale a wuya, da wata 'yar na'urar ɗaukar murya da yake riritawa kamar jariri. Abu biyu ya haɗa ya karanta: ilimin harshen Ingilishi, da harsunan da ake kira na Selt, wato Bireton da Galuwa da danginsu. Na farkon kowa ya ga amfaninsa, tunda shi ya sama masa aikin koyarwa. Na biyun kuwa har yau ba wanda ya gane kansa a unguwarsu ta zango, ko da yake ba wanda ya tsira daga jin bayaninsa. Ko tsire ya tsaya saye, sai mai tsiren ya ji yadda Bireton ke mutuwa.

Yayarsa Farida tana aure a Dapango, kuma ita ke jinyar kakarsu, Hajiya Sa'adiyya. Gidansu gidan fatake ne tun asali, suna da abin da suke kira salsala: sunayen kakanni, da kirarin kowannensu, da garuruwan da suka yada zango daga ƙasar Hausa har Salaga, duk a rere. Ba a rubuta ta, babban jika namiji ake zuba wa a kunne. Da kakansu zai rasu Muhyiddeen yana ƙarami, mahaifinsu kuma ya riga ya rasu, don haka tsohon ya bar wa matarsa amanar ta riƙe wa yaron. Yanzu ba ta a bakin kowa a duniya sai na Hajiya.

Farida ta yi roƙo har ta gaji. "Kaka, ki ba ni mana. Ni ma jininki ce."

"Ke kin tafi gidan wasu," in ji tsohuwar. "Mijina nake jira."

Mijin nata, a wasan kaka da jika, shi ne Muhyiddeen. Shi kuwa mijin ya ce zai zo da ƙaramar Sallah, ya ɗaga zuwa babbar Sallah, daga nan ya ce jarrabawa. Ranar da hannun hagun Hajiya ya mutu, likita ya ce hawan jinin zai iya komowa kowane lokaci, Farida ta yafa mayafinta ta nufi tasha, zuciyarta na tafasa.

A zauren makarantar da yake koyarwa a Sokode ta same shi, yana yi wa ɗalibai lacca. Ana zafin da fanka ma ta sallama, amma gyalen nan na wuya. A bango ya haska hoton wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi, Madam Soazig. Ya ce duk ƙarshen mako sai ya hau jirgin ƙasa cikin sanyi ya je ƙauyensu, ya zauna gabanta yana ɗaukar waƙoƙin da ba wanda ya rage da su sai ita. Ya kunna muryarta, ya rufe ido, ya dafe ƙirji. Wallahi har da hawaye, ya zaro hankici ya goge.

"Laifin jikokinta ne," ya ce, murya na rawa. "Suna can birni, ba su da lokacin zama kusa da ita."

Ɗalibai suka tafa. Farida ta ja tsakin da ya sa layin gabanta duka suka waigo.

Bayan an watse ya zo yana washe baki. "Yaya! Haka kawai, ba telefon?"

"Telefon ɗin da ba ka ɗauka? Tattara, mu tafi. Kaka ta kusa."

"Haba Yaya, satin nan ba zai yiwu ba. Ina da magana da furofesana ta bidiyo. Kuma ki gane, Hausa ba ta cikin hatsari, miliyoyi ke jin ta. Bireton ne..."

"Miliyoyin ne suka san sunan kakan kakanka?"

Ya gyara gyale, ya ce abin yana buƙatar shiri, ba a ɗaukar murya da ka. Ta ce to shi ke nan, gobe da safe za ta tsaya a ƙofar lekol ɗin nan, wato makarantar tasu, ta ba ɗalibansa labarin wani jika da ta sani. Nan take lokaci ya samu.

Sai dai motar asuba ta wuce su. Malam Muhyiddeen ya ce ba zai tafi ba sai ya sayi sabon batir, kuma ba batir ɗin bakin tasha ba, na wani kanti da ba ya buɗewa sai hantsi. Farida na zaune kan benci da jakarta a cinya, tana kallon motar ta cika ta tashi, takaici kamar ya kashe ta. Wadda suka samu daga baya sai kusan azahar ta cika.

A hanya ma bai bar mutane sun huta ba. Daga Kara zuwa Kante ya kama wani dillalin shanu mai suna Garuba, yana ba shi labarin yadda mutanen Galuwa suka farfaɗo da harshensu. Bawan Allah ya yi ta cewa "to, to" har barci ya cece shi.

Suna shiga Mango wayar Farida ta yi ƙara. Mijinta ne, Huseini. Ya ce tun da safe Hajiya ta sa aka yi mata wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura zanen da take ji da shi, ta ce a zaunar da ita a bakin ƙofa tunda mijinta na hanya. Har ta fara rerawa ƙasa-ƙasa, wai tana wasa murya. Bayan azahar abin ya sake buge ta.

Farida ta kashe wayar. Ta dubi ƙanenta, ta faɗa masa kamar yadda aka faɗa mata, ba ta rage ko kwallin ba. Daga nan har Dapango ba a ƙara jin Bireton a motar ba.

Rana ta yi sanyi sa'ad da suka shiga gidan. Hajiya na kwance a kan katifa, bakinta ya karkace, kwallin ya zubo gefen ido. Amma idon na gani sarai. Muhyiddeen ya durƙusa.

"Kaka, ga mijinki ya zo."

Idon ya cika da ruwa. Ya zaro na'urar, ya danna, 'yar jar wuta ta kama. Saboda sabo, sai da ya faɗi sunan gari da ranar da Faransanci, kamar yadda aka koya masa, kafin ya kai ta bakin tsohuwar. Leɓenta ya motsa. Ta yi ƙoƙari, jijiyar wuyanta ta tashi, ta sake ƙoƙari. Numfashi ne kawai ke fita, da yawu. Farida ta sa bakin mayafinta ta goge mata.

Ya daɗe a durƙushe yana riƙe da na'urar. Batir dai sabo ne, bai ba shi kunya ba: ya ɗauki numfashin, ya ɗauki kukan akuya a tsakar gida, ya ɗauki kiran magariba.

"Yaya," ya ce a hankali, "ke ba ki riƙe ko kaɗan ba?"

"Ni na tafi gidan wasu."

Ta gyara wa kakar matashi, ta miƙe. Tausayinsa ya so ya kama ta, ta ƙi ba shi hanya.

"Kunna mata muryar waccan," ta ce. "Madam ɗin nan taka. Ta ji wadda ka bar ta dominta."